Ba kowace tsagewar ƙafa ce kuturta ba

Da zarar fatar tafin hannun mutum ta fara saɓa, ko dunduniyarsa ta tsage har da jini, magana biyu ke fitowa a garuruwanmu, tun daga Kwanar Dangora har Doguwa: ko a ce kuturta ce ta leƙo, ko a ce ya taka sammu. A yawancin lokaci babu ko ɗaya. Sana'armu ce ke bayyana a fatarmu. Manomin shinkafa a Tudun Wada yana yini cikin taɓo, masunci a Tiga ƙafarsa ba ta rabuwa da ruwa, ga watsa takin zamani da hannu tsirara, ga hunturu na jira ya busar da abin da damina ta jiƙa. Kaushi da faso daga nan suke. A jiƙa ƙafa, a goge da dutse a hankali, a shafa man kaɗanya kafin barci. Reza kuwa a bar ta.

Cin ruwa, wato farar saɓar nan mai ƙaiƙayi a tsakanin yatsun ƙafa, ƙwayar cuta ce dangin ta makero, mai son danshi, kuma dogon takalmin roba gidanta ne. Akwai man shafawa da ke kashe ta cikin makonni 2 zuwa 4. Sai dai man nan mai haɗi uku da ake ɗauko wa kowa a kemis yana ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi ya bar cutar tana yaɗuwa, idan an daɗe ana shafa shi kuma ya sirantar da fata.

To, ina gaskiyar masu cewa kuturta? Suna da rabo. Kuturta tana busar da tafin hannu da na ƙafa, tana tsaga su, tana kawo gyambo. Abin da ya raba ta da faso shi ne zafi. Ƙwayarta jijiyoyi take kamawa, sai wurin ya mutu, ya daina gumi, ya daina ji. Mai faso yana ɗingishi yana ciza leɓe. Mai kuturta kan taka ƙaya ya wuce, ko mace ta sauke tukunya mai zafi ba ta sani ba sai ta ga bororo. Raunukan nan da ba a ji ba, suna ruɓa suna maimaituwa, su ke gajarta yatsu, ba wai cutar ce ke cinye su ba. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke sa mutum ya rufe ido, ya riƙa taɓa masa tafi da bakin biro yana tambaya ko ya ji. Haka nan tabo mai haske a jiki wanda ba ya ƙaiƙayi, ba a kuma jin taɓawa a kansa, abin kaiwa asibiti ne a makon nan.

Sauran zantukan ba su da tushe. Tsaka ba ta kawo kuturta, naman akuya ma haka. Ba gadonta ake yi ba, ana dai ganinta a gida ɗaya ne saboda tana bin numfashi bayan dogon zama da wanda bai fara magani ba. Musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya ba ya sa a ɗauka, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na iya kare kansa. Maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, ana shan sa wata 6 ko 12, wanda ya fara sha kuma ya daina yaɗa ta. Mu da muke kan hanyar Kano zuwa Zariya ma ba mu da uzuri: ga asibitin Yadakunya a Kano, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye.

Akwai abu biyu da ba a cika tsoronsu ba alhali sun fi faso haɗari. Ƙuraje ko ɗigo-ɗigo masu duhu a tafin hannu da na ƙafa lokaci guda, ba ƙaiƙayi, na iya zama tunjere. Sukan ɓace da kansu, a yaba wa mai rubutu ko mai saiwa, cutar kuwa tana nan cikin jini, tana iya kashe ɗan da ke ciki. Gwajin jini ke nuna ta, allurar fenisilin ke warkar da ita, kuma miji da mata tare ake yi musu. Na biyu shi ne ciwon suga, wanda shi ma ke kashe jin ƙafa. Duk mai suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ko ya sa a duba masa, ya kuma zazzage takalmi kafin ya saka.