Ƙwannafi da Dashewar Murya: Jan Hankali ga Mawaƙa da Masu Wa'azi

Da zarar hunturu ya shigo Katsina, sai koke-koken dashewar murya su yawaita, musamman daga 'yan zumuntar mata, ƙungiyoyin mawaƙa, fastoci da malaman makaranta. Maƙwabtanmu limamai da ladanai a nan GRA su ma abin bai bar su ba. Kowa sai ya ɗora laifin a kan ƙura da sanyi. Gaskiya ne ƙura tana busar da maƙogwaro, amma akwai waɗanda ciwon muryarsu daga ciki yake tasowa, wato daga ƙwannafi.

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai tsami ƙwarai, wanda likitoci ke kira asid, tare da wani sinadari mai suna pepsin da ke narkar da nama. Tsakanin tumbi da hanyar abinci akwai wani zoben tsoka da ke tsukewa kamar bakin jaka bayan abinci ya wuce. Idan zoben ya saki, sai ruwan ya yi sama, mutum ya ji zafi a ƙirji da tsami a baki. Wannan shi ne ƙwannafin da muka sani.

Wani lokaci ruwan yakan haura har maƙogwaro, inda tantanin murya guda biyu suke. Tantanin nan suna kaɗawa kamar sau 100 a daƙiƙa ɗaya a muryar namiji, kamar sau 200 a ta mace, kuma ba su da kariyar da tumbi yake da ita. Ɗan kaɗan ya taɓa su sai su kumbura, kumburarren tantani kuwa ba ya haɗuwa daidai, sai murya ta yi kaushi, ta kasa hawa sama. Wata likitar Amurka, Dakta Jamie Koufman, ta wallafa babban bincike a kan wannan a 1991, inda ta nuna cewa da yawa daga masu wannan matsala ba sa jin zafin ƙirji ko kaɗan. Saboda haka mutum zai iya rantsuwa bai san ƙwannafi ba, alhali shi ke cin muryarsa.

Alamunsa su ne tashi da dasasshiyar murya da safe, yawan gyaran murya, tari marar majina da dare, da jin kamar wani abu ya maƙale a wuya. Mawaƙiya takan lura cewa baitin da take ɗauka a sauƙaƙe a da, yanzu sai da ƙyar. Mawaƙa ma abin ya fi damunsu, domin waƙa da ƙarfi tana matse ciki, ga shi sau da yawa sai an tashi daga koyon waƙa da dare ake cin tuwo, a wanke hannu a bi lafiyar gado.

Wannan ɗabi'a ta cin abinci a kwanta nan take ita muka fi so a gyara, don gyaranta ba ya cin ko kwabo. A bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. A sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya ɗagu kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake. Kwanciya ta gefen hagu ta fi ta dama. Masu azumi, ko na Lent ko na Ramadan, kada su cika tumbi a zama ɗaya wajen buɗe-baki. Abinci mai maiƙo da yaji, irin su ƙosai, masa da tsire, da shayi mai kauri, goro da lemon kwalba, suna tayar wa wasu. Kowa ya lura da nasa ya rage. Taba kam a bar ta ɗungurungum. Ƙiba da juna biyu su ma suna tura ruwan sama. A yawaita shan ruwa, idan an ji son gyaran murya a kurɓi ruwa a haɗiye. Raɗa ba hutu ba ce ga murya, shiru shi ne hutu.

Game da jiƙon kanwa da iyayenmu suka saba sha, tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirin da ke cikinta ba ya yi wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda daɗi. Haka kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, da ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna ƙara fama ciki. Omeprazole yana rage asid idan an sha kamar minti 30 kafin karin kumallo, sai dai ba kowace dashewar murya yake warkarwa ba, kuma ƙwararru ba sa son a daɗe ana shan sa domin murya ba tare da an leƙa maƙogwaro ba. Wanda yake da ragowar ranitidine a gida ya daina sha. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi kada su matsa wa wanda muryarsa ta dashe ya yi ta waƙa don wai babu mai maye gurbinsa. Idan dashewar ta kai mako 4, a je a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, wanda aka sani da FMC a da, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mai shan taba, ko mai wahalar haɗiya, ramewa, kumburi a wuya ko tofar da jini, kada ya jira, domin ciwon dajin maƙogwaro da haka yake farawa. Tarin da ya wuce mako 2 a gwada majina saboda tarin fuka. Zafin ƙirji mai zuwa da gumi, ko mai sauka zuwa hannu, a garzaya asibiti a ranar, zai iya zama zuciya ce.