YADDA ZA A MAGANCE MATSALOLIN WUTA DA NA'URORIN KWAMFUTA A OFISOSHIN KARKARA

Kamar yadda jama'a suka sani, ayyuka da dama waɗanda a baya ake yin su da biro da takarda yanzu sun koma kan kwamfuta. Rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda Gwamnatin Tarayya ta umarci a haɗa ta da layin waya tun daga watan Disamba na shekarar 2020, da shigar da bayanan marasa lafiya a asibitoci, da cike takardun jarrabawar ɗalibai, duk sun dogara ne ga wannan na'ura. Idan mutum ya taso daga Yasore ko wani ƙauye na ƙananan hukumomin Batsari da Safana, ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota, sannan aka ce masa na'ura ta ƙi aiki sai gobe, to asarar ba ƙarama ba ce, musamman ga mazauna gefen Dajin Rugu waɗanda fita kan hanya ba abu ne mai sauƙi a gare su ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa ma'aikata da sauran jama'a bayani a kan matsalolin da aka fi cin karo da su, domin da yawa daga cikinsu ana iya magance su nan take ba tare da an ɗauki kwamfuta zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ba.

Da farko a duba wuta

Ƙa'idar wutar lantarki a Nijeriya ita ce bolt 230. Amma a garuruwan da ke ƙarshen dogon layi sau da yawa wutar kan iso da rauni, wani lokaci kuma ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Katsina da Kano da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a shekarar 2013, sai dai ofisoshi da yawa a karkara sun fi dogara ga janareta ko sola. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi uku tana da nata haɗarin.

Idan kwamfuta ta ƙi tashi sam, kada a yi gaggawar buɗe ta. A fara gwada soket ɗin da wani abu da aka tabbatar yana aiki, kamar cajar waya. Idan soket lafiya yake, sai a duba wayar wutar da fiyus ɗin da ke cikin fulogi, da kuma ɗan makunnin da ke bayan wasu kwamfutocin tebur. Idan duk waɗannan lafiya suke, a cire wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sannan a mayar da waya a sake gwadawa. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma sau da yawa yakan wadatar.

Game da janareta, a tayar da shi tukuna, a bar shi ya daidaita na 'yan mintoci kafin a kunna kwamfuta. In za a kashe shi kuma, kwamfuta ce za a fara kashewa. Lokacin da janareta ke shaƙewa saboda ƙarewar mai, ƙarfin wutarsa yakan riƙa hawa da sauka, kuma a irin wannan lokaci ne caja da tukunyar wutar kwamfuta suka fi ƙonewa.

Na'urar ajiye wuta da batura

Na'urar UPS aikinta shi ne ta riƙe kwamfuta na 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, domin ma'aikaci ya adana aikinsa ya kashe ta bisa ƙa'ida. Ƙananan da aka fi samu a ofisoshi suna ɗauke da batir mai bolt 12, wanda yawanci yakan yi shekara biyu zuwa uku. Zafi shi ne babban abokin gabarsa: an auna rayuwarsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kimanin 10 a kan haka yana rage rayuwar da rabi. A yankinmu, inda zafin bazara kan kai 40 a watannin Afrilu da Mayu, dole a ajiye ta a inuwa, inda iska ke ratsawa. Idan UPS tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, yawanci batir ne ya gaji. Shi za a sauya, ba na'urar gaba ɗaya ba.

Bugu da ƙari, kada a jona firinta mai amfani da garin tawada a kan ƙaramar UPS. Irin wannan firinta tana dumama wani ƙarfe ne domin ta manna rubutu a takarda, saboda haka tana jan wat ɗaruruwa a lokaci guda, alhali cajar laftof ba ta cika wuce wat 45 zuwa 65 ba. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu ofisoshi masu sola da zarar an aika takarda firinta sai inbata ta yi ƙara komai ya mutu. Maganinsa shi ne a sami inbata mai ƙarfin da ya dace, a kuma riƙa buga takardu da rana lokacin da batura suke cike.

Idan kuwa kwamfuta tana mance kwanan wata da lokaci duk sanda aka kashe ta, ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke cikinta ya ƙare. Lambarsa CR2032, bolt 3 ne, kuma ba shi da tsada. Kada a raina wannan matsala, domin idan kwanan wata ya kuskure shafukan rajista na intanet sukan ƙi buɗewa.

Idan na'ura ta daina amsawa bayan kwamfuta ta yi barci

An tsara manhajar Windows ta riƙa yanke wuta ga abubuwan da aka jona ta kafar USB idan an jima ba a taɓa su ba, domin tattalin batir. Wani lokaci idan kwamfuta ta farka, linzami ko firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa ba su farka tare da ita. Ma'aikaci sai ya ɗauka na'urar ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Matakin farko shi ne a cire ta, a jona ta a wata kafar. Idan matsalar tana maimaituwa, a shiga sashen Device Manager, a nemo USB Root Hub, a buɗe shafin Power Management, a cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe na'urar don tattalin wuta. Har ila yau, a sashen Power Options ana iya tsawaita lokacin da kwamfuta za ta jira kafin ta yi barci a lokutan aiki.

A kuma lura cewa tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, umarnin Shut down ba ya wanke komai sarai, saboda tsarin saurin tashi da aka sanya. Umarnin Restart ne ke sabunta komai, don haka shi ya kamata a yi amfani da shi idan na'ura ta rikice.

Wani abin lura shi ne, kafar USB 2.0 wutar da take bayarwa ba ta wuce miliamfa 500 ba, ta USB 3.0 mai launin shuɗi kuwa 900. Idan aka tara kyamara da na'urar yatsa da filasha a kan ƙaramin marabi guda wanda ba shi da cajarsa, wutar ba za ta ishe su ba, sai su riƙa ɗaukewa suna dawowa. Gara a jona muhimman na'urori kai-tsaye a jikin kwamfuta. Cajin wayoyi a jikin kwamfutar ofis kuwa a guje shi, domin bayan jan wuta, hanya ce ta shigar da cutar kwamfuta.

Ƙura da zafi da tsawa

A lokacin hunturu ƙura tana toshe fanka da ramukan shan iska. Alamar haka ita ce fanka ta riƙa ƙara, kwamfuta ta yi nauyi, sannan ta kashe kanta don kada ta ƙone. A kashe ta, a cire wuta, a share ramukan da burushi mai laushi, a kuma rufe ta da ƙyalle bayan an tashi aiki, amma ba tana kunne ba. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma mai kauri. Takardun firinta ma a adana su cikin ledarsu, domin ƙura da laimar damina suna sa su maƙale. Idan hadari ya taso da tsawa, kashe soket kaɗai bai isa ba, sai an zare fulogi gaba ɗaya.

Inda ya kamata a tsaya

Idan aka ji warin ƙuna, ko aka ga batir ya kumbura, ko jikin kwamfuta yana jan mutum, a cire wuta nan take a nemi ƙwararre. Kada kowa ya buɗe tukunyar wutar kwamfuta ko cikin inbata, domin suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe su. Sannan muna tunatar da ofisoshi cewa kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 7 kariya tun watan Janairu na 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wajibi ne a yi la'akari da haka ga duk kwamfutar da ke ɗauke da bayanan jama'a.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin sassa da su tanadi littafi guda kusa da kowace kwamfuta, a riƙa rubuta ranar da matsala ta faru, da abin da aka gani, da matakin da aka ɗauka, da ranar da aka sauya batir. Haka nan a riƙa kwafe muhimman bayanai a wani ma'aji dabam duk mako. Idan kuma ya tabbata aiki ba zai yiwu ba a wata rana, a sanar da masu unguwanni da dagatai da wuri, domin su isar wa jama'a kafin su baro gida. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.