Dutsen Farar Ƙasa da Yumɓu a Ginin Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ga gidan siminti da gidan ƙasa a jere zai ɗauka babu abin da ya haɗa su, alhali kuwa shi ma siminti daga ƙasa ake samo shi. Akan haɗa dutsen farar ƙasa, kimanin kashi 80 cikin 100, da yumɓu, a niƙa su tare, a gasa da wuta mai zafin digiri 1,450 har su dunƙule. Daga nan sai a sake niƙawa da ɗan jifsam, don kada kwaɓin ya yi saurin daskarewa a hannun magini.

Wannan dutse yana nan jibge a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato. Masana ilmin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe yankin, kuma ɓawon halittun ruwa da ya taru a ƙarƙashinta shi ne ya zama dutsen. Saboda wannan arziki aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967. Shimfiɗar dutsen ba ta san iyaka ba, domin ta miƙe har Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, inda a nan ma ake yin siminti.

Yumɓu kuwa Bahaushe ya daɗe da saninsa. Magina sukan haƙo ƙasa mai danƙo, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sa'an nan a cura tubali a shanya a rana. Kududdufan cikin birnin Kano yawancinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Da irin wannan ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a wajejen 1830 zuwa 1840. Babban abokin gabar wannan gini shi ne ruwan sama, don haka akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina.

Abin lura a nan shi ne, duk da dangantakarsu, siminti da ƙasa ba sa zaman lafiya a bango ɗaya. Mutane da yawa sukan yaɓe bangon ƙasa da siminti don su huta da gyaran shekara-shekara, wannan kuwa kuskure ne babba. Bangon ƙasa yakan sha laima ya fitar, siminti kuwa toshe ta yake yi. Da zarar yaɓen ya tsage, ruwa ya shiga, ba shi da mafita, sai ya yi ta cin tubalin daga ciki, mai gida bai sani ba. Galibi ba a farga sai ranar da yaɓen ya ɓalle a tsakiyar damina, ya taho da rabin bangon.