Wace manhajar shiga intanet ta dace da wayarka?

Yawancin wayoyin Android suna zuwa ne da Chrome, wadda Google ya fitar a 2008. Tana da sauri, amma tana yi wa ƙaramar waya nauyi.

Ga mai tattalin data, Opera Mini ta fi sauƙi. Kafin shafi ya iso gare ka, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi, shi ya sa yake buɗewa ko da sabis ya yi rauni. Sai dai wasu shafukan kan fito a karkace, kuma ni dai ba zan shiga asusun banki da ita ba.

Mai son kare sirrinsa ya gwada Firefox ta Mozilla, wadda ke toshe masu bibiyar sawun mutum a intanet.