Damagaram: tarihin da ke cikin bangon Birni da Zango

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne, an yi shi tun tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma haura shekara 170 yana tsaye. Hotunan rushewarsa sun zagaya wayoyin jama'a daga Maraɗi har Yamai. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi jimami a ranar ne suka fara tambayar wanda ya gina shi da lokacin da aka gina shi.

Wannan tambaya ta dace da sauran tsofaffin gine-ginen garin, waɗanda ake wucewa ta gabansu kullum a kan kabu-kabu ba tare da an ɗaga kai ba. Wanda ya ware rabin yini ya taka da ƙafa daga Birni zuwa Zango zai ga ikon da ya gina Damagaram kashi uku: sarauta, fatauci da mulkin Turawa. Kowanne ya bar unguwarsa.

Birni: garu da duwatsu

Masarautar Damagaram ta kafu ne a ƙarni na 18, a ƙarƙashin inuwar Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa inda Birni yake a yau. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya mai da garin gagara-badau. Ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin gari, ya kuma kewaye Birni da garu mai tsawon kusan mita goma a wasu wurare. Aikin bai yiwu ba sai da gumin bayi da talakawa, kuma wannan ma yana cikin tarihin da ya kamata a faɗa.

Yau garun ya zube, sai ɗan abin da ya saura nan da can, wanda baƙo zai ɗauka tudu ne kawai. Amma akwai wata alama da ta fi shi daɗewa. Kududdufai da ramukan da ke gefen tsohon gari, waɗanda ke cika da ruwa da damina, da yawansu wurin haƙar ƙasar gini ne. Duk inda ka ga babban rami a tsohon birnin Hausa, to ka nemi babban gini a kusa da shi.

Abu na biyu da ke bambanta Birni da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne duwatsu. Manya-manyan duwatsu ne a jibge a tsakiyar unguwa, magina kuma ba su yi faɗa da su ba. Wani gidan ya jingina da dutse, wani lungun ya kauce masa ya sake dawowa. Shi ya sa baƙo kan ɓace a Birni, ko da yake unguwar ba ta da faɗi sosai.

A tsakiyar wannan duka fadar Sarkin Damagaram take. Ba gidan ajiyar kayan tarihi ba ce, har gobe ana zaman fada, ana sulhunta rigimar gona da ta gado da ta aure. Dogarai da jajayen kaya suna ƙofa, kuma ta hannunsu mai son shiga ke neman izini. Turawan farko da suka rubuta labarin garin nan suka zo gaisuwa: James Richardson ɗan Ingila a farkon 1851, sai Heinrich Barth ɗan Jamus, wanda ya kira kansa Abdulkarim, a ƙarshen 1852.

Zango: gidajen fatake

Arewa da Birni akwai Zango, wanda ake rubutawa Zengou a takardun hukuma. Sunan ya faɗi aikinsa: nan ayari ke sauka. Raƙuman Abzinawa kan taso daga Tarabulus, su bi ta Gat da Abzin, su ya da zango a nan kafin su nufi Kano. Suna kawo yadi da takarda da bindigogi, su koma da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayi.

Dukiyar wannan fatauci ta fito a fuskar gidaje. Mai arziki ba ya rubuta sunansa a ƙofa, zaurensa ne ke magana. A duba zankwaye da ke saman bango, da zanen da aka tayar ko aka karta a jikin yaɓe tun yana ɗanye: dagi, takobi, allo, da siffofi masu kusurwa da aka shafa wa launi. Wasu gidajen na baya-bayan nan har shekarar da aka yi adon suna ɗauke da ita. Idan mai gida ya yarda ka shiga zaure, ka ɗaga kai ka dubi rufin. Bakan gizon da ke riƙe da shi azara ce aka jera gaɓa-gaɓa aka lulluɓe da ƙasa, ba ƙarfe ba siminti.

Attajirin da ya fi kowa suna a Zango a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai har gaɓar tekun arewa. Abin da ya karya irin wannan kasuwanci ba yaƙi ba ne kaɗai. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku, kaya suka koma bin kudu, hanyar hamada ta fara mutuwa.

Tsakanin unguwannin biyu: zamanin Turawa

A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan sojan Faransa, Cazemajou, a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci dakarun sarki a Tirmini, yamma da gari, suka shiga Birni. Bayan ƴan makonni aka kashe sarkin. Turawa suka gina barikinsu a kan tudun duwatsu da ke kallon Birni, suka sa masa sunan Cazemajou. Wurin da suka zaɓa ya nuna nufinsu: daga can ana ganin fada, ana kuma ganin hanyar Zango. Bayan samun ƴancin kai barikin ya koma amsa sunan Tanimun. Har yanzu wurin soja ne, don haka daga nesa ake kallonsa, ba a ɗaukar hoto.

A 1906 Turawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi suka kore shi daga ƙasa. Sai a 1923 aka dawo da sarauta gidanta. A tsakanin nan, daga 1911 zuwa 1926, Damagaram ce babban birnin Nijar. Ofisoshi da gidajen ma'aikata na wancan zamani, masu kaurin bango da faffaɗar baranda, suna cikin filin da ya raba Birni da Zango, inda sabon gari ya tsiro daga baya. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar na mai da babban birni Yamai shi ne ƙarancin ruwa. Dutsen da ya ƙawata Birni shi ne kuma ke ƙarƙashin garin, ba ya riƙe ruwa mai yawa, abin da ya sa har yau daga wajen gari ake janyo ruwan famfo, kamar daga Gogo da Arunguza.

Me ke kayar da ginin ƙasa?

Ginin tubali ba ya tsufa kamar yadda ake zato, sakaci ne ke kashe shi. A da, kowace shekara kafin damina mai gida kan kira magina su sake yaɓe, su toshe tsaga, su share indararo. Ana shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame daga bango. Gidan da ake yi wa haka yana iya kai jikoki da tattaɓa kunne.

Abubuwa uku ne suka fi yi masa illa a yau. Na farko, gado: idan gida ya zama na mutum ashirin, kowa sai ya jira ɗan'uwansa ya biya kuɗin gyara. Na biyu, siminti: idan aka shafa shi a kan bangon ƙasa, danshi ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana nan lafiya. Na uku, ruwan da ke kwanciya a gindin bango saboda an cike kududdufai an toshe magudanai. Ga kuma magina masu sanin bakan gizo da zanen bango suna ƙarewa, matasa kaɗan ne ke koyo.

Tun shekarar 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu wannan matsayi a 2013, Damagaram tana jira. Amma takarda daga waje ba ta yaɓe bango. Abin da ke hannun mutanen gari shi ne magada su zauna su fitar da kuɗin yaɓe kafin ruwa ya sauka, a share magudanai, a nemi tsofaffin magina a ba su aiki da yara masu koyo, malaman makaranta kuma su fito da ɗalibai su zagaya da su. Littafin da marigayi André Salifou ya wallafa a 1971 kan Damagaram ta ƙarni na 19 yana nan ga mai son ƙarin bayani.

Ga mai niyyar zagayen, sanyin safiya ya fi. A yi sallama a kowane zaure, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma zauna da dattawan da ke kan dakali, domin su ne suka san gidan wane ne wannan, da wanda ya yi masa ado.