An Karɓi Kuɗi, Ba A Ce "Na Sallama" Ba: Haƙƙin Mai Saye Idan Kantin Intanet Ya Soke Wani Ɓangare Na Oda

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari ya san cewa ciniki yana da kalmomin da suke ɗaure shi. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda zai ce "na sallama". Da zarar wannan furuci ya fito, ciniki ya faɗa, kuma ɗan kasuwar da ya janye bayansa ya zubar da mutuncinsa a idon maƙwabtan rumfarsa. Masanin falsafar harshe na Jami'ar Okusfod, J. L. Austin, ya yi bayanin irin waɗannan kalmomi a littafinsa da aka buga a 1962, inda ya nuna cewa akwai zancen da ba labari yake bayarwa ba, furta shi shi ne aikin kansa. Sigar ɗaurin aure misali ce: waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, aure ya ɗauru. "Na sallama" tana cikin wannan jinsi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, ya kai mai karatu, shi ne wani koke da ya yawaita tun da saye ta intanet ya kankama a ƙasar nan, musamman daga 2012 da aka kafa manyan kantuna irin su Jumia da Konga, sannan dubban ƙananan 'yan kasuwa suka bi baya ta Instagram da WhatsApp. Mutum ya zaɓi kaya uku ko huɗu, ya biya kuɗinsu gaba ɗaya, bayan kwana biyu sai ga saƙo cewa an soke ɗaya daga ciki, sauran suna hanya. Ba a tambaye shi ko har yanzu yana son sauran ba.

Tambayar farko da alƙali zai yi ita ce: yaushe cinikin ya faɗa? A tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, baje kaya da farashinsu ba alƙawarin sayarwa ba ne, kiran masu saye ne su zo su taya. An tabbatar da wannan a 1953 a shari'ar kantin magunguna na Boots, inda kotun ɗaukaka ƙara ta ce mai sayen da ya ɗauko kaya daga kanta ya kai gaban mai karɓar kuɗi shi ne mai tayi, kanti kuwa yana da damar karɓa ko ƙi. Kantunan intanet sun rungumi wannan ƙa'ida hannu bibbiyu. Suna rubutawa a cikin sharuɗɗansu cewa danna maɓallin saye tayi ne kawai, saƙon da ke biyo baya na "mun samu odarka" shaidar isar tayin ce, sallamawa kuwa sai ranar da aka fito da kaya daga sito. Wasu ma sun ƙara da cewa kowane ƙunshi da aka aika ciniki ne mai zaman kansa.

Bambancin "mun samu" da "mun amince" ba wasan malaman nahawu ba ne. A farkon 2002 kamfanin Kodak ya yi kuskuren sa wata kyamara fam 100 a shafinsa na Birtaniya maimakon fam 329. Jama'a suka yi rububi, kamfanin ya so ya janye, amma da yake saƙon da ya aika wa masu saye an rubuta shi da lafazi irin na rasit, daga ƙarshe ya haƙura ya ba da kayan a kan farashin kuskuren. Shekara guda bayan haka, a 2003, Amazon ya sa wata ƙaramar kwamfutar hannu fam 7.32 alhali kuɗinta ya haura fam 250. Shi kam ya soke odar ya zauna lafiya, domin sharuɗɗansa sun fayyace cewa babu ciniki sai an aika saƙon fitar da kaya. Kuskure iri ɗaya, ƙasa ɗaya, amma 'yan kalmomi suka raba sakamakon.

Ba na cewa ɗan kasuwa ba shi da uzuri. A Singafo, wasu mutum shida sun ga injin buga takardu na dala 3,854 an sa shi dala 66, suka yi odar guda 1,606 a dare ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta yi watsi da ƙararsu a 2005, saboda sun san kuskure ne suka nemi cin bulus. Wannan daidai ne. Kaya kuma sukan ƙare da gaske.

Inda gizo yake saƙa shi ne batun kuɗi. Amazon da ya jinkirta sallamawa, a bisa al'adarsa ba ya cire kuɗin kayan da shi yake sayarwa daga katin mutum sai ranar fitar da su. Da yawa daga masu sayarwa a nan sun kwafi rabin farko na wannan tsari suka bar rabi na biyu: kuɗi ya shiga asusunsu nan take, "na sallama" kuwa tana aljihunsu sai sun ga dama. A Kasuwar Kurmi ba a taɓa jin ɗan kasuwa ya ƙirga kuɗi ya soke a aljihu sannan ya ce bai sallama ba tukuna. A ganina, wanda ya karɓi cikakken kuɗi ya riƙe, aikinsa ya riga bakinsa magana.

Soke wani ɓangare ya fi soke duka cutarwa a lokuta da dama. Mu ɗauka magidanci ya yi odar farantin sola da inbata da batir a zama ɗaya, aka soke batirin aka kawo masa sauran biyun. Abin da ya saya wutar dare ce, abin da aka kawo masa kuwa ƙarfe ne da gilashi da za su zauna a lungu har sai ya samo batir a wani wuri, wataƙila da tsada. Idan kuma rangwamen da ya ja hankalinsa ya rataya ne a kan jimillar kuɗin odar, ko an yi masa alƙawarin kawowa kyauta saboda sayayyarsa ta kai wani adadi, soke abu ɗaya yana iya rushe wannan duka, ya wayi gari yana biyan kuɗin dako a kan laifin da ba nasa ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba, kuma ba yau ta fara magana ba. Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, wasu jihohi kuma suka yi tasu a kan tsarinta, ta ce a sashe na 30 idan mai sayarwa ya kawo ƙasa da abin da aka yi ciniki a kai, mai saye yana da ikon ƙin karɓa gaba ɗaya, idan kuma ya karɓa zai biya gwargwadon abin da ya karɓa a kan farashin da aka ƙulla. Sashe na 31 ya ce ba a tilasta masa karɓar kaya kashi-kashi sai da yarjejeniya. Sashe na 51 kuma ya ba shi damar neman diyya idan aka ƙi kawowa, wadda galibi ita ce bambancin farashin ciniki da farashin kasuwa a lokacin da ya kamata a kawo. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna wannan mas'ala da sunan tafriƙus safƙa, wato rarraba ƙullin ciniki guda, kuma da yawansu sun ba mai saye zaɓi: ya riƙe saura da rabonsa na kuɗi, ko ya warware cinikin duka. Zaɓin na mai saye ne, ba na mai kanti ba.

Sai dai sharaɗin nan na cewa kowane ƙunshi ciniki ne daban an ƙirƙiro shi ne don a kauce wa wannan zaɓi, tunda wanda bai sallama batir ba, ba za a ce ya tauye mudu ba. A nan ne Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018 take shigowa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kuma kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da ba adalci a cikinsu, har da wanda ya karkata fiye da kima zuwa ɓangare guda. Sashe na 114 kuwa, wanda ya fi jan hankalina a matsayin ɗalibin harshe, ya wajabta a ba mai saye bayani da lafazi mai sauƙi wanda mutum mai matsakaicin karatu zai fahimta. To, ina sauƙi a cikin shafuka masu yawa na Turancin lauyoyi da aka ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan rubutu a gindin shafi, aka miƙa wa mai shago a Gusau ko matar aure a Azare? A fahimtata, sharaɗin da ya ba kanti damar riƙe kuɗi, ya soke abin da ya so, ya tura wa mutum saura ba tare da shawara ba, yana da wuya ya tsallake waɗannan sassa biyu idan aka kai shi gaban alƙali.

Ku lura ma da yadda ake gina jimlar saƙon. Ba za ka ga "mun soke" ba, sai "an soke", kamar kayan ne suka soke kansu. Sigar ɓoye mai aikatawa tsohuwar mafaka ce ga wanda ba ya son a tambaye shi dalili.

Sannan ga batun mayar da kuɗi. Wasu maimakon su mayar wa mutum kuɗinsa a banki, sai su zuba masa a wani asusu na cikin manhajarsu, ko su ba shi takardar sayayya da ba ta aiki sai a kantinsu, wani lokaci ma da wa'adin ƙarewa. Wannan ba mayarwa ba ce, tilasta sabon ciniki ne. A Amurka, hukumar kasuwanci ta tarayya ta sa kamfanin tufafi na Fashion Nova ya biya dala miliyan 9.3 a 2020, kuma cikin laifukan da aka tuhume shi da su har da ba masu saye katin kyauta a madadin kuɗin kayan da bai aika ba. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, kuɗin da aka riƙe wata biyu ba da ƙimarsa yake dawowa ba, kuma riƙon bashi ne marar ruwa da mai saye ya ba kanti ba da saninsa ba.

Wanda abin ya faɗa wa kada ya tsaya ga kiran waya, domin magana ta baki ba ta barin sawu. Ya ɗauki hoton shafin oda da shaidar biyan kuɗi da saƙon sokewa, ya rubuta wa kantin a fili abin da ya zaɓa: ko a cika masa odarsa, ko a mayar masa da kuɗin abin da aka soke ba tare da taɓa rangwamensa ba, ko a warware duka har da kuɗin dako. Idan ba ya son sauran kayan, ya faɗa tun kafin ya karɓa ya fara amfani da su, don karɓa da yin shiru ana iya fassara shi da yarda. In aka yi biris da shi, sashe na 146 na dokar 2018 ya buɗe masa ƙofar kai ƙorafi ga FCCPC, bai kuma rufe masa ƙofar kotu ba. Legas ta kafa kotunan ƙananan ƙararraki a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, kuma an tsara su yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Inda akwai damar biya bayan an kawo kaya, ita ta fi tsira daga wannan rigima tun daga tushe.

Masu saye ta WhatsApp da Instagram suna ganin kamar su ne marasa gata, alhali ta wannan fuska hujjarsu ta fi ƙarfi. A wurinsu ba wasu dogayen sharuɗɗa, kuma mai kayan da hannunsa yake rubuta "ba damuwa, turo kuɗin", ya aiko da lambar asusu. Wannan sallamawa ce a rubuce, da rana da sa'a a jikinta, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa. Saboda haka kada a goge hirar, ko da an yi fushi an toshe lambar mai kayan.