Tsibirin da Sai Jirgi Ya Yarda Kafin Ka Taka

A can arewacin Amurka, kusa da iyakar Kanada, akwai tsibirin Isle Royale a cikin tafkin Superior, tafkin da ya fi kowane tafkin ruwan daɗi faɗi a duniya. Tsawon tsibirin ya kai kilomita 72, babu titi, babu mota, ko keke ba a yarda a shiga da shi ba. Abin da ke jan mutane wurin shi ne wata doguwar hanyar ƙafa mai suna Greenstone Ridge, mai kimanin kilomita 64, wadda ta bi ta ƙashin bayan tsibirin daga Windigo a yamma har zuwa kusa da Rock Harbor a gabas. Mai ƙarfin ƙafa yakan gama ta cikin kwana huɗu ko biyar.

Amma kafin maganar ƙafa, sai an sasanta da jirgin ruwa. Daga garin Houghton na jihar Michigan, jirgin hukumar gandun daji mai suna Ranger III yakan yi wajen awa shida kafin ya isa, kuma sau biyu kacal yake zuwa a mako. Daga Copper Harbor tafiyar ta fi sauƙi, awa uku da wani abu. Masu tasowa daga Grand Portage a Minnesota kuwa suna da Voyageur II, wanda ke zagaye tsibirin yana sauke mutane, har da wasiƙu. Shi ya sa matafiyi mai lura ke fara duba ranar da jirgi zai dawo, sannan ya lissafa kwanakinsa baya-baya. Wanda ya iso bakin ruwa da yamma ƙafa duk kanta, jirgi ya tashi da safe, to sai ya kafa tantinsa ya ci gaba da tauna ragowar guzuri.

Tafkin ma yana da nasa hali. Ruwansa sanyi ƙarara ko da rani, iska kuma in ta taso, igiyar ruwa takan sa a soke tafiya. Masu raunin ciki kan zauna a bayan jirgi fuska ta yi fari, jakar leda a hannu.

A tsibirin akwai kyarketai da wata babbar dabba mai ƙaho, mai kama da gwanki, wadda masana ke bibiyar zamansu tare tun 1958. Saboda tsutsar ciki da ke yawo tsakanin dabbobin nan, ruwan sha sai an tace ko an tafasa. Ƙwayar maganin tsabtace ruwa kaɗai ba ta isa ba. Kare ma an hana shiga da shi.

Ana rufe tsibirin gaba ɗaya daga 1 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu. Don haka mai niyya ya nemi tikitin jirgi da wuri, ya kuma ƙara abincin kwana ɗaya a jaka.